Malamin da Ke Sakin Hannu

Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, Inna ta yanke shawarar cewa maganin ƙanina jirgin sama ne. Ya gama jami'a, aiki bai samu ba, sai ya samu gemu da wayar hannu da ra'ayi a kan duk yaƙin da ake yi a duniya. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Ka tafi da shi can inda kuke saro kaya, ya ga yadda mutane ke neman na kansu. Ni maganganunsa sun fara ba ni tsoro."

Na daɗe ina zuwa Guangzhou saro wayoyi da kayan gyaransu ina kaiwa Kano, saboda haka na ɗauka ƙaramin aiki ne. Ban san abin da take nufi ba sai da muka zauna ɗaki ɗaya. Yaron nan idan aka ce wani ya ɗaura bam ya shiga kasuwa a Iraki, fuskarsa har haske take yi. Yana kiransu maza. Wata rana yana wanke safa ya ce da ni, ba tare da ya ɗago ba, shi yana ganin babu mutuwar da ta kai wannan kyau. Tsoro nake ji ƙwarai kada in mayar wa Inna da ɗa wanda ya riga ya yi sallama da duniya.

Ga shi lokacin da ya zaɓa ya dace sosai. Ana saura 'yan watanni wasanni, 'yan sanda na bin gidaje suna duba fasfo, an daina sabunta wa mutane biza, tsofaffi 'yan sa-ido masu ɗaure da jan ƙyalle a dantse suna zaune a bakin kowane layi suna kallon mai wucewa. Wasannin a can Beijing za a yi su, amma mu baƙaƙe na Guangzhou mu muka fara gudu. A cikin wannan hali ne na kai shi wata babbar kasuwar wayoyi a Tianhe in koya masa gwada kaya. Na ce ya gwada sautin wata waya. Sai ya zaro katin ajiyarsa ya zura, ya kunna mana waƙen yaƙi na Larabci, da ƙarar bindiga da kabbara, ya ƙure sautin. Mai shagon, wanda muke kira lawban kamar kowane mai shago, ya ɗaga babban yatsa yana murna an yaba lasifikarsa. Ni kuwa na ƙwace wayar har ina neman karya wa mutane kaya.

Na fara neman wanda zai yi masa magana. Muna cin abinci a gidan wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke tuƙa tuwo a wani bene mai tsawo, ba allo a ƙofa, sai wanda ya sani. Nan kowa ke haɗuwa da rana, Kanawa da 'yan Nijar da wani ɗan Kumasi, talabijin na kunne a tashar Larabawa. Babbanmu a wurin wani Alhaji ne mai sarar yadi, mutumin kirki, ba ya wasa da sahun farko. Na ja shi gefe na gaya masa.

Ya ce, "Haramun ne mana, wa bai sani ba? Amma don Allah ka rufa mana asiri, kada a ambaci bam a gidan nan. Ka bari a gama wasannin nan tukuna."

Wato nasiha ma sai an yi bikin rufewa. Na buga wa wani malaminmu na gida waya. Ya ce mas'alar tana da zurfi, tana buƙatar a zauna, kuma idan zan dawo in taho masa da waya mai layi biyu.

Akwai wani dattijo da ke zuwa gidan Hajiya, kowa Malam yake ce masa. Ɗan Shi'a ne, ya yi shekaru yana karatu a Iran, ya dawo ya tarar karantarwa ba ta cika tukunya, sai ya shiga sarar jallabiyoyi da kayan yara. Ciniki kam Allah bai ba shi ba. Da lawban ya ce masa "meyo", wato babu, sai ya yi godiya ya juya, bai san nan ne ake fara magana ba. Kowa ya san aƙidarsa. Ba mai bin sa sallah, amma kowa na son haɗa kwantena da shi, don abin da ya ce yana cikin kwalinsa shi ke ciki. Haka muke, ba za mu ba shi amanar raka'a biyu ba amma za mu ba shi amanar jarinmu.

Wata rana muna cin tuwo aka nuna wata kasuwa a Iraki, hayaƙi na tashi, mata na ihu. Ƙanina ya ce, a hankali amma kowa ya ji, "Maza sun yi aiki." Alhaji ya ƙura wa miyarsa ido kamar yau ya fara ganin kuka. Malam ya ajiye lomarsa.

"Ɗana, wannan matar da ke kwance kusa da tiren tumatir, an tambaye ta aƙidarta kafin a tashe ta?"

Ƙanina ya fara jero hujjojinsa, mamaya da zalunci da sauransu. Malam ya bar shi ya gama, ya ce duk ya yarda akwai zalunci, shi ma idan aka taɓo Amurka sai an riƙe shi. Sannan ya jawo ayoyi da hadisai, ya ce manyan malaman da ya zauna gabansu sun haramta mutum ya tarwatsa kansa cikin kasuwa ko masallaci, ba kwana-kwana. Ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne yanzu. Idan wani ya ba ka sautu, za ka cinna masa wuta don ka ji haushin wani? To ranka sautu ne. Na matar nan ma haka." Ya ce ya taɓa zuwa ziyara Iraki ya wuce wani masallaci bayan irin wannan aiki, abin da bai manta ba shi ne takalman da ke bakin ƙofa, an jera su an rasa masu ɗauka.

Ni dai na san ƙanina tun yana rarrafe, ban taɓa ganin ya rasa amsa ba sai ranar.

Daga nan ya liƙe wa Malam. Yana bin sa kasuwar tufafi ta Shisanhang yana ɗaukar masa buhunan kaya, yana tambayoyi, har yana taya shi ciniki, abin da ni bai taɓa yi mini da daɗin rai ba. Abin da bai sani ba shi ne wanda yake bi. Yadda aka yi kuwa ba wani dabo ba ne. Malam sakin hannu yake yi a sallah, kakanmu ma har ya rasu bai taɓa ɗora hannu a ƙirji ba. Malam na haɗa azahar da la'asar, mu ma duk matafiya ne, haɗawa muke yi. 'Yan Shi'a na yin sujada a kan ɗan curin ƙasa, amma Malam a ɗakunan ajiyar kaya kwali yake shimfiɗawa kamar kowa, a wurinsu ya halatta. Hularsa kuma irin ta kowa ce. Sai ƙanina ya yanke hukunci cewa wannan tsohon malamin zaure ne irin na gargajiya.

"Yaya, mutumin nan yana da ilimi," ya ce mini. "Da zai gyara sakin hannun nan, da shi ke nan."

Na ce Allah ya shirye shi. Na bi mutanen gidan Hajiya ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su kama bakinsu. Abin mamaki suka kama, mutanen da ko kuɗin da ka sayi batir ba sa iya ɓoyewa. Waƙen yaƙi ya ragu a ɗakinmu. Wata rana aka sake nuna irin wancan labari, ya tashi ya canza tasha zuwa inda ake nuna 'yan China na atisayen ninƙaya. Na ji daɗin da ban iya faɗa ba, har na buga wa Inna waya na ce ta ci gaba da addu'a, ana samun sauƙi.

Sai ya zo mini da albishir. Azumi na matsowa, ya ce yana so ya ɗauki karatu sosai a wurin Malam, ya riƙa bin sa sallah.

Ranar da za a loda kayanmu, muna wani ɗakin ajiya a hanyar tashar jiragen ruwa ta Huangpu, rana na dukan kwano, leburori na jifa da kwalaye cikin kwantena. Na ja Malam bayan wata babbar mota na gaya masa komai. Na ce, "Malam, don girman Allah kada ka gaya masa. Ka bar shi a yadda ya ɗauke ka, ko zuwa bayan sallah."

Ya dube ni ya ce, "Alhaji ƙarami, ni ban san bai sani ba."

"To yanzu ka sani. Ku da aka ce an halatta muku ɓoye aƙida, ai yau ranarta ce."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan sai in ana neman ran mutum, shi kuma ba mai neman ransa a nan sai zafi. Ya ce, "Yaro zai tsaya bayana yana zaton ni wani ne. Ran da ya gano, ba ni kaɗai zai jefar ba, har da kai, har da duk abin da ya ji. Gara ya ji daga bakina."

Duk shekarun da na yi ina jin ana cewa 'yan Shi'a ba sa faɗin gaskiyar abin da suke, da na tashi buƙatar guda ɗaya ya yi mini ƙarya, sai na faɗo a kan wanda ba ya yi. Na ji haushinsa sosai, har yau ma idan na tuna ina ji.

Ya kira ƙanina, wanda ke tafe da kwalin caja a kafaɗa, ya gaya masa a taƙaice. Yaron ya sauke kwalin a hankali. Bai kalli Malam ba, ni ya kalla.

"Yaya, ka sani?"

Na ce na sani.

"Kowa ya sani?"

Na ce kowa. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya ce duk abin da ya ji daga bakin wannan mutum ya zubar, don ɓatacce ba ya shiryar da kowa. Malam ya ce, "Ni ka zubar da ni, ba komai. Maganar kuwa ka kai wa malamanku ka tambaye su ko ƙarya ce." Ƙanina ya juya ya fita titi. Leburorin suka ci gaba da jifa da kaya, ɗaya yana yi mini ihu in zo in ga inda za a sa nawa.

Bai ƙara cin abinci a tire ɗaya da mu ba. Ranar buɗe wasanni kowa ya taru gidan Hajiya ana kallon wuta na tashi a sama, shi yana ɗaki. Ban ji ya sake kunna waƙen nan ba, ban kuma ji ya ce ya bar ra'ayinsa ba. Ni da shi sai gaisuwa da maganar kaya. Bizarsa ta ƙare, aka ƙi sabuntawa, ya koma Kano kafin a ga watan azumi. Hukumar China ce ta yanke mana shawarar da muka kasa yankewa.

Na samu Malam na sauke masa abin da ke raina. Na ce ya rusa mini aikin wata da watanni saboda tsabar gaskiya. Ya saurara, sannan ya ce in kwantar da hankalina, shi ma a gida samarinsu cewa suke ya yi sanyi, an saye shi, tunda yana cewa a zauna da hukuma a yi magana, a yi zaɓe, a bar zancen jini. Na ce wato namu ba sa son ka, naku ma ba sa son ka. Ya ce haka ne, kuma in ina da lokaci in raka shi wurin wani lawban da ya sayar masa da jallabiyoyi masu hannu ɗaya dogo ɗaya gajere. Na raka shi.

Bayan wasu shekaru abin da muke kallo a talabijin ya iso kasuwanninmu da tashoshin motarmu da masallatanmu. Lokacin kowa ya samu baki, malamai suka yi ta fatawa a rediyo, Alhaji mai yadi ma har wa'azi yake yi wa yaran shagonsa. Ƙanina yana da shagon kayan waya yanzu, da mata da 'ya'ya. In aka ambaci Malam har gobe cewa yake ɓatacce ne, Allah ya shirye shi. Ko malamansa ya tambaya, ko shi kaɗai ya zauna ya yi tunani, ko aure ne ya sanyaya shi, bai gaya mini ba, ni kuma ban da ƙarfin halin tambaya.

Amma a shekarun nan, duk ranar da aka ce wani ya tashi bam a wani wuri, ko ina Kano ko ina Guangzhou, nan take nake neman lambarsa. Ban taɓa gaya masa dalilin kiran ba. Yana ɗauka, kafin in gama sallama, sai ya ce, "Ina shago, Yaya. Ina shago."