Ɗan Wasan Kano da Bai Taɓa Ganin Kano Ba

Wata ranar Alhamis ce cikin watan Muharram, a farkon shekarun 1370 na Hijira. Alhazai sun watse, Makka ta koma ta masu ita. La'asar ta yi sanyi, inuwar dutse ta rufe lungunmu na unguwar Misfala, mu kuwa mun cika shi da ihu. Na ƙwace ƙodago daga sandar abokina Bello, na zille wa yara biyu, sai na tarar da jakin mai ruwa ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar hanya da salkunansa. Da wani yaron ne da ya jira jaki ya wuce. Ni sai na zura ƙodagon ta tsakanin ƙafafunsa, na zagaya na tare, na maka masa sanda ya shige tsakanin gwangwanaye biyun da muka kafa a matsayin gida, wato ragarmu. Na ɗaga sanda sama na kwarara ihu, "Kano! Kano ta ci!" Mahaifina yana zaune a ƙofar rumfarsa tare da wani baƙo, Alhaji Bala. Ya juya ya dubi baƙon yana murmushi, ya ce, "Ka ji ko? Da bakinsa ya faɗa." Na ɗauka yabona yake yi, har na ƙara tsalle. Ashe maganar aika ni Kano suke yi.

Wasan nan yanzu ƙwallon gora ake ce masa, mu dai ƙodago muka sani. Sanda kuwa zarbar dabino ce, a samu mai kauri a gindi, a fere ta, a ɗan gasa a wutar rumfar Baba har ta lanƙwasa. Ƙodagon goruba muke bugawa, irin wadda alhazan da suka biyo ta Sudan suke zuwa da ita. A gwaigwaye ta tas, a goge ta a dutse, sai ta zama abin da in ya sami ƙwaurin yaro zai tuna da shi har Juma'a. Ba a fara wasa sai kowa ya gama aikinsa. Ni nawa shi ne in yanka wa Baba gwangwanayen kananzir, in miƙe su da guduma, shi kuma ya mai da su butoci da mazurari da fitilu. Bayan nan in ɗebo wa Inna ruwa a bazan, wato matarar ruwan unguwa, in kai mata gyaɗar da take sayarwa bakin hanya. Duk wannan da sauri nake yinsa, kunnena yana waje.

Ba zan yi ƙarya don kunya ba, a lungun nan babu wanda ya kamo ƙafata. Bello yana da ƙarfi amma ba ya duba gabansa. Mamman yana da gudu amma yana tsoron sanda. Ni ina da ido, kuma na san inda ƙodago zai je tun bai tashi ba. Rabon ƙungiya kuwa ba a shawara, gado ne. Wanda ubansa Bakano ne yana Kano, Bello da 'yan uwansa suna Sakkwato, su Mamman suna Damagaram, Katsinawa da yake ba su da yawa sukan jingina da duk wanda ya fi ba su goruba. Kullum musu ɗaya ne, wace ƙasa ce ta fi gwanaye. Mukan zauna a kan dakali muna ƙirga su, gwanin Kano wane, gwanin Sakkwato wane, har a kai ga kokawa. Abin dariyar shi ne babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa taka waɗannan garuruwa. Duk a Misfala aka haife mu, a ɗakunan kwano da langa-langa, kuma ungozoma ɗaya ce ta karɓi yawancinmu.

Inna ce ta gaya mini abin da ake ciki, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. Yayan Baba da ke can ƙauyensu a ƙasar Kano ya ba Alhaji Bala saƙo. Ya tsufa, 'ya'yansa mata ne sun yi aure, ga gonar gado ga kangon gidan kakanmu, in ba a aiko da namiji ba wasu za su shige. Baba ya ce ni zai bayar. Alhaji Bala zai tashi da zarar an sami jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin ta Sudan, daga nan sai mota da ƙafa, sai abin da Allah ya yi. Na san irin tafiyar nan, don ita ta kawo iyayenmu, kuma ban taɓa ganin yaron da aka mayar ya dawo ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ce, "Inna, ke kin yarda?" Ta ce, "Kai da kake kiran Kano safe da yamma, ni me zan ce wa babanka?" Sai ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi, gari yana zuba a ƙasa.

Kamar abin bai isa ba, hajjin shekarar nan ya bar mana wasu iyalai da guzurinsu ya ƙare, suka kama ɗakuna a bayan lungunmu. Cikin 'ya'yansu akwai Garba, dogo, ƙafafunsa sun yi kanta saboda tafiya. Shi Bakano ne na gaske. Ranar da na je da fara'a in sa shi a ƙungiyarmu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Bakanon wace unguwa ne?" Na ce, "Tayyib, sai na tambayi Baba." Shi da ƙannensa suka fashe da dariya, suka yi ta maimaita Larabcin da ya suɓuce mini, "tayyib, tayyib", har na bar wurin. Ranar ce na fara tunanin yadda gari guda zai yi mini wannan dariya in na je.

Ana cikin haka Kawu Sale, ƙanen Inna, ya zo hutu. Shi kuku ne a gabashin ƙasar nan, yana dafa wa Amurkawan da ke haƙar mai abinci. Ya zo da baƙin tabarau da wando mai aljihu a baya, da labarai da ba sa ƙarewa. Da ya ga sandata a jingine sai ya ɗauka ya juya ta, ya ce iyayen gidansa ma suna da irin wannan wasa, amma su a kan ƙanƙara suke yi. In sanyi ya yi a ƙasarsu tafki guda yakan daskare, maza su sa takalma masu wuƙa a ƙasa su yi ta sulɓi da sanduna. Mu kuwa ƙanƙarar da muka sani ita ce guntun da ake sayowa lokacin azumi, a naɗe cikin buhu, a ruga da shi gida kafin ya narke. Inna ta riƙe baki ta ce, "Abin da muke lallaɓawa kamar jinjiri, shi suke takawa da takalmi? Allah ya shirye su."

Kawu ya ce ai wasan ba komai ba ne, musun da ke bayansa shi ne abin kallo. Iyayen gidan nasa uku ne, kowa da jiharsa: ɗaya daga Minisota, ɗaya daga Masacusit, ɗaya daga Mishigan. Da sun gama cin abinci sai a hau gardamar jihar wa ta fi fitar da gwanaye, kowa yana lissafa nasa a yatsu, fuska ta yi ja kamar gauta. Muka dubi juna ni da Bello, don wannan zama mun san shi. Kawu ya tashi tsaye yana kwaikwayonsu. Ya ce wata rana rigima ta kaure a kan wani gwani guda. Mutumin Masacusit ya ce nasu ne, don uban yaron ɗan garinsu ne. Mutumin Minisota ya bugi tebur har cokula suka yi tsalle, ya ce, "Uban naku ne, ɗan namu ne. A wurinmu aka haife shi, a tafkinmu ya koyi tsayuwa." Kuma na ukun ya ba shi gaskiya. Kowa a tsakar gida ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce, "Kawu, wato su inda aka haifi mutum suke dubawa?" Ya ce, "Haka na ji suna yi, ɗan nan. Kowa da irin lissafinsa."

Washegari na tara yara a kan dakali na ce an rushe ƙungiyoyi. Daga yau haifaffun Makka gefe ɗaya, 'yan zuwa gefe ɗaya. Bello ya yi tsalle ya dire, ya ce, "Ni Basakkwace na, ba ni barin sunan ubana!" Na ce, "A ina aka binne cibiyarka?" Ban jira amsarsa ba. Na ce, "Bayan ɗakinku, kusa da turken akuya, ni da kai duk unguwa ta sani." Yara suka yi masa dariya har shi ma ya dara. Mamman bai yi musu ba, don ya daɗe yana so ya yi wasa a gefena. Garba kuwa da aka kai masa magana ya ce ya yarda, zai nuna wa 'yan tayyib yadda ake riƙe sanda.

Ranar Alhamis ta zagayo. Ni da kaina na ɗauki gwangwanayen gida na kafa su daidai ƙofar rumfar Baba, kuma da gangan na yi. Alhaji Bala yana nan zaune kamar kullum, ana maganar jirgi. Su Garba ba kanwar lasa ba ne. Sun girme mu, hanya ta gasa su, in suka buge ka da kafaɗa sai ka ga taurari. Su suka fara ci, suka yi ta kiran Kano da Katsina da Damagaram a gaban idonmu. Amma lungun namu ne. Mun san inda ƙasa ta gangara, mun san dutsen da ke ɓoye cikin yashi, mun san bangon da in ka buga masa ƙodago zai dawo maka kamar an aiko shi. A wurin muka koyi tafiya. Bello ya tsare baya, Mamman ya riƙa yaga gefe, ni kuma na yi ta ba bango yana ba ni, Garba yana dukan iska. Da wasa ya yi zafi ashe duk mun saki Hausa mun koma Larabci, sai "Yalla ya wad!" da "Hat, hat!" kake ji. Wanda ya raba gardama ni na zura shi, ta ƙarƙashin sandar Garba. Na tsaya a gaban rumfa, na ɗaga zarbata, na kwarara, "Misfala!" Yara suka amsa gaba ɗaya. A lokacin na lura gudumar Baba ta daina ƙara.

Bayan magariba ya kira ni. Na je na durƙusa, na riga na shirya wa duka. Ya ce, "Hamza, yau ban ji Kano ba." Na ce, "Baba, Kano ta su Garba ce. Ni a nan aka haife ni." Sannan ya ce, "Gero da dawa, wanne ake fara girbewa?" Ni kuwa a buhu kawai na san su. Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Wallahi ma adri." Ko rashin sanin ma da Larabci ya fito. Baba ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta, ya ce in tashi in je in ci tuwo.

Da safe ina miƙe gwangwani Alhaji Bala ya zo da labarin an sami jirgi. Baba bai ɗaga kai daga butar da yake liƙewa ba. Ya ce, "Alhaji, ka gaida Yaya. Ka ce masa ya ba da gonar ga wanda zai iya nomawa. Bakano ya ce a aiko masa, ni kuwa na duba gidana kaf, ban ga Bakano ba sai ni kaɗai." Farin ciki ya cika ni har guduma ta kusa kuɓuce mini. Sai da na dube shi na ga ya ajiye butar bai gama liƙe ta ba, shi da ban taɓa ganin ya bar aiki rabi ba.

Ban taɓa yin nadama ba, kuma har gobe ina cewa gaskiya ce na faɗa. A nan na girma, a nan na yi aure, a nan muka binne Baba da Inna. Lungun namu yanzu manyan masaukan alhazai sun hau kansa, ko ni sai na yi da gaske nake gane inda rumfar take. Ina zaune a unguwar Shisha, a bene, jikokina suna wasanninsu a waya, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci, ni kuwa ba ni da bakin yi musu faɗa. Sai dai akwai abu ɗaya. Har ya bar duniya, duk shekara Baba yakan rufe rumfa ya je masaukin alhazan Kano, ba don ya sayar da komai ba, sai don ya tambaye su damina. Yanzu ni ne nake ɗaukar tasi in gangara wajen Harami, in tsaya ina sauraron harsunan mutane, in na ji Kananci in matsa in yi sallama in ce, "Alhaji, yaya aka baro damina?" Ba ni da ko taku ɗaya na gona a can, amma in suka ce an yi ruwa, sai in ji sanyi a raina.