Tsofaffi masu kaɗi a bakin zaure

Ranar Lahadi unguwarmu a Tawa takan zama kamar an share ta. Kowa ya tafi kasuwa, sai kaji da inuwar itacen bedi. A ranar ake yi mana sata, da rana tsaka: zane a kan igiya, tasa a gindin murhu, wani lokaci har akuya. Ni kuwa na san ɓarawon, don na ga zanen maƙwabciyarmu a jakar ƙanena, wanda ya dawo daga cin rani a Abijan hannu wofi. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Tsorona ɗaya ne, kada a kai shi gidan kaso baƙin ciki ya kashe innarmu.

Shekaru kaɗan ke nan da samun mulkin kai. Mai unguwa ya kai kuka ofis, aka ce za a ba mu tallafi a ɗauki gardi mai kulki. Sai wata tsohuwa da duk muke kira Kaka ta ce, "Gardi ya san ɗiyan wa? Ku ce su sayo muna auduga da tabarmi." Maza suka yi ta dariya, amma aka sayo.

Daga nan kowace Lahadi tsofaffi su shimfiɗa tabarma a bakin zauruka, su yi ta kaɗi. Har yau in na rufe ido ina ganinsu, yatsu fari fat da alli, mazari yana juyawa, ɓurɓushin auduga na yawo cikin iska. Kai ka ce gyangyaɗi suke yi. Ina! Ko ƙadangare ba ya wucewa ba su gani ba.

Wata Lahadi ban je kasuwa ba, ina zaune kusa da Kaka, sai ga ƙanena ya fito daga gidan maƙwabta, hannunsa dafe da ciki a ƙarƙashin riga.

"Taho nan, ɗan nan," in ji Kaka, ba ta ko ɗaga kai ba. "Miƙo hannuwanka in naɗe zare."

Wa zai ƙi tsohuwa? Ya miƙa duka biyu, tasa ta faɗo ƙasa, ƙwal! Ta yi ta gangarawa har bakin tabarma. Ba mazarin da ya tsaya. Kaka ta naɗe zarenta a hankali, gumi yana tsiyaya a fuskarsa, sannan ta ce, "Tasar nan ta ɓata hanya. Mayar da ita gida."

Ya mayar, kuma bai ƙara ba. Da ya ɓace mana na duƙa zan yi godiya, ta tari numfashina.

"Ke kuma bar ramewa. Tun ranar zanen muka sani. Don shi muka ƙi gardi."