Geron Kaffarar Malam

Ni dai ban taɓa shiga filin ƙwallo ba. Ko a talabijin ba na bambance namu da na wasu sai an nuna mini launin riga. Amma akwai wata kakar wasa da na fi kowa a layinmu sanin halin da ƙungiyar Malam take ciki, kuma rantsuwa ce ta jawo.

Malam shi ne maigidana, gyaran injin ban-ruwa yake yi a wata rumfa kusa da gada. Kwana shida a mako mutum ne mai sauƙin kai. Ranar Lahadi kuwa, da an idar da la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina rediyonsa da randa, ya koma wani mutum daban. Tun kafin aurenmu yake bin ƙungiyar nan ta birni. Yaranmu sun tashi da sanin ba a yi masa magana ana wasa. Yanzu duk sun watse, masu aure da masu karatu, gidan daga ni sai shi.

A shekarar da nake magana abin ya lalace. Su je waje a doke su, su dawo gida su yi canjaras. Kullum Malam ya dawo daga rumfa da sabon mai laifi. Yau 'yan majalisarsu sun ce koci ne, gobe alƙalan wasa ne, jibi wani ya ce ragar aka ɗaure da asiri. Akwai mai a-daidaita-sahun da ya ɓare tambarin ƙungiyar daga bayan kekensa don haushi, bayan kwana biyu aka gan shi ya manna sabo.

Maƙwabcinmu na bayan katanga ma'aikacin jami'a ne, Kirista, mutumin Filato, Malam yana kiransa Oga. Tasa ƙungiyar tana can sama. Da an tashi wasa sai mu ji muryarsa ta katanga:

"Malam, sannu da haƙuri. A miƙo maganin ciwon kai?"

"Oga, ka bari kaka ta ƙare tukuna."

"Ai taku ta riga ta ƙare, kai kaɗai ba a gaya wa ba."

Ranar da abin ya kai maƙura, a gida aka yi wasan. Ana dab da tashi aka ba su fanareti, mai bugawa ya aika ƙwallon sama. Malam ya miƙe tsaye da rediyo a hannu.

Na ce, "Malam, kada ka rantse."

Ban rufe baki ba ya ce, "Wallahi tallahi ba zan ƙara sauraron wasan mutanen nan ba!" Da ƙarfi ya faɗa, har Oga ya ji. Sannan ya ɗora mini rediyon a cinya. "Ga shi na ba ki, ki riƙa jin wa'azi."

Lahadin da ta biyo baya tausayi ya ba ni. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya ba akuya dusa sau biyu. Can ya koma zaure ya zauna, sai na ji ya ce:

"'Yar makaranta, wai ke ba kya kunna rediyonki ne?"

Haka yake kirana tun da na shiga makarantar manya. A lokacin nan ina shekarata ta uku a cikinta. Na ce, "Ai ka ce ba ka so."

"Ni na rantse, ke ba ki rantse ba."

Na gane. Na shiga ɗaki na tura ƙofa, na rage murya yadda ba za ta kai zaure ba, na ɗauko littafin rubutuna don kada in manta. Mai sharhi yana gudu kamar ana korarsa, ni kuwa harafi ɗaya sai na zana shi. Har yau shafin yana nan. Abin da na samu in rubuta ke nan: "An ci mu. Mai lamba tara ya faɗi. Ya tashi." Bayan magariba na karanta masa.

"Shi ke nan? Wasan minti casa'in? Wa ya yi sakacin da aka ci?"

"Ban rubuta ba."

"To, mako mai zuwa ki rubuta."

Haka muka yi ta yi. A hankali na san satar gida, na san bugun kwana, na san idan muryar mai sharhi ta siranta to ana gaban raga. Hannuna ya yi sauri, har malamarmu ta tambaye ni wa yake yi mini darasi a gida. Wata Litinin na nemi littafin na rasa, ashe Malam ne ya tafi da shi rumfa. Matar wani ɗan majalisarsu ce ta gaya mini ana musu ya zaro shi daga aljihu ya ce, "Ku saurara, matata ta rubuta." Ranar sai da na ƙara masa kifi a miya.

Abin da ban zata ba shi ne ni ma in kamu. Ni da yarana suke cewa ko faɗa nake sai an matso kusa, wata rana mai lamba tara ya zura ƙwallo sai ji na yi na yi ihu. Daga zaure Malam ya ce, "Mu ko su? 'Yar makaranta, mu ko su?"

Sai wasan ƙarshe ya zo. Idan suka ci sun tsira, idan ba su ci ba sun faɗa ƙaramin rukuni na 'yan dagaji. Mako guda Malam yana tsakurar tuwo yana turewa. Mutumin da ya bi su fiye da rabin rayuwarsa, a ce ranar da za a yi ta ta ƙare yana zaure yana jiran rubutuna! Kuma na san shi, ba ya wasa da sunan Allah, ko zai mutu ba zai kunna ba.

Na je na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Sai da ta yi dariya ta share hawaye, sannan ta ce kaffara ce: a ba mabuƙata goma abinci, kowa mudun Annabi guda, kuma ana iya bayarwa kafin a karya rantsuwar, amma niyya tasa ce, ba zan yi masa ba. Malam ya san wannan sarai. Kunyar Oga da 'yan majalisa ce ta hana shi.

Lahadi da safe na buɗe ragowar buhun geron da ƙanensa ya aiko daga Indabo. Na auna leda goma, na cika kowacce har da ƙari. A shafin ƙarshe na littafina na jera gidaje goma da na san ana buƙata. Ya dawo azahar ya tarar da ledojin a kan tabarmarsa, rediyo a samansu.

"Wannan fa?"

"Gero ne."

"Na ga gero."

"Ni dai na auna. Niyya da kaiwa ba nawa ba ne."

Ya tsaya yana kallo. "Oga zai ce na janye."

"Zai ce. Gobe ma zai faɗi wani abin."

Ya yage shafin, ya ɗaure ledojin a bayan mashin, ya fice ko hula bai gyara ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne gaisuwa. Ba a miƙa wa dattijo gero a juya. Wata tsohuwa a Dagumawa sai da ta tambayi yaranmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jikoki, sannan ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Har aka tafi hutun rabin lokaci bai dawo ba. Ni kaɗai a tsakar gida, rediyo jingine da randa, ina rubutu ina sauraren ƙarar mashin.

An dawo hutu ke nan ya faɗo gidan. "Nawa-nawa?"

"Babu ci." Na miƙa masa littafin, ya karance shi a tsaye, sannan ya zauna a hankali ya jawo rediyon kusa da kunnensa.

Oga ya leƙo ta katanga. "A'a, yau kunne ya buɗe?"

"Na biya, Oga. Zagayo ka zauna."

Ya zagayo da kujerarsa. Saura kaɗan a tashi aka yi bugun kwana, muryar mai sharhi ta siranta, na ajiye biro. Mai lamba tara ya sa kai. Malam ya yi tsallen da ya tuntsurar da moɗa daga kan randa, ya rungume Oga, Oga yana cewa, "Sake ni, ba tawa ba ce!" Can bakin titi masu mashin suka kama hon.

Amma alƙali ya ƙi hura usur. Ya yi ta ƙara lokaci, abokan hamayya sun tare a gaban ragarmu. Malam ya miƙe, ya ɗaga ɗan yatsa sama.

"Wallahi idan mutumin nan…"

Na ce, "Malam, geron ya ƙare."

Oga ya kusa faɗowa daga kujera. Malam ya kalle ni, ya sauke yatsan, ya haɗiye sauran maganar. Yana zama aka hura.

Da aka fara sabuwar kaka na mayar masa da rediyonsa, na nufi madafa. Ya ce ina za ni? Ya matsa mini gefen tabarma, ya zaro sabon littafi mai bango kore da biro biyu daga aljihu, ya ce gobe akwai musu a rumfa.