Ranar da na tayar da motar Baba a rufaffen shago

A wancan lokaci ban daɗe da gama karatu a Katsina ba. Na dawo gida Jibiya da littattafai cike da akwati da kai cike da mafarki. Ba ni da hayaniya. In na samu lungu da biro da takarda, sai in manta ana rana ko ana ruwa.

Mahaifina direba ne, kuma yana da wata tsohuwar mota ruwan madara da ta girme ni. Ya daina lodi da ita, amma bai yarda ko kaza ta hau kanta ba. A farkon damina aiki ya kai shi Maraɗi, sai aka rufe boda yana can, tare da babbar motar da aka ba shi amana. Kafin ya tafi ya shigar da tsohuwar cikin wani matsattsen shago da ke jikin gidanmu, ya cire kan batir, ya koya mini yadda ake mayar da shi. Ya ce kowace Juma'a in buɗe ƙofar shagon gaba ɗaya, in tayar da ita ta ɗumama.

Sau biyu kawai na yi. Ƙarar injin na firgita ni, shirun cikinta kuma ya yi mini daɗi. Sai na mayar da ita ɗakin karatu, ina jin ruwa na dukan kwano ina rubuta waƙoƙi. Duk sanda Baba ya bugo waya ya tambayi lafiyar tsohuwa, sai in ce tana tashi da bugu ɗaya. Kowace Juma'a ƙaryar na ƙara mini nauyi, na kuma rasa ta inda zan fita daga cikinta.

Da kaka ta yi, ya aiko cewa jibi yana hanya. Na kai batir caji a ɓoye. Washegari da hantsi, Inna ta tafi barka, na shiga shagon na ja ƙofar na rufe don kada maƙwabta su ji tarin injin su ba da labari, sannan na shiga motar na zauna a kujerar direba na rufe ƙofarta. Ta yi gardama sosai kafin ta kama. Don wauta, sai na ce bari in bar ta ta daɗe tana aiki, wai ta rama makonnin da ta rasa.

Da farko kaina ne ya fara sarawa, sai wani barci mai daɗi ya soma ja na. Da na gane, na kashe injin, amma hayaƙi ya riga ya cika ko'ina. Hannun ƙofar direba na ciki ya daɗe da karyewa, ta taga Baba ke miƙa hannu ya buɗe, ga shi tsatsar damina ta riƙe abin sauke gilashin. Ɗaya gefen yana manne da bango. Ƙofar baya da na saba fita ta cikinta tana nan kusa, amma ƙafafuna sun ƙi ɗauka ta. Na yi ihu, muryar ba ta wuce kunnena ba. Abin da na iya kawai shi ne na kifa ƙirjina a kan sitiyari, odar motar ta shiga ƙara.

Wata dattijuwa 'yar garin Magama da ke kawo mana kuɓewa ce ta ji. Ta banko ƙofar shagon, ta buɗe motar ta waje, ta jawo ni waje kamar buhun gero, tana yayyafa mini ruwa tana faɗa, wai 'yan boko ilimi har wuya amma ba su san hayaƙi na kisa ba. A asibiti na kwana.

Baba ya same ni a kan gado. Na faɗa masa komai ina kuka. Bai tambayi motar ba. Ya daɗe yana riƙe da hannuna, sannan ya tambaye ni a hankali wane irin uba ya zame mini, har na fi tsoron faɗansa a kan mutuwa.

'Yan'uwana, kada ku taɓa tayar da mota ko janareta a rufaffen wuri, ko na minti kaɗan ne. Hayaƙin ba ya zuwa da zafi, da barci yake zuwa. In kuma an ba ku amana kun gaza, ku faɗa tun a makon farko. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, kuma saura kaɗan in biya ta da raina.