Sallamar Baffa a Gindin Dutse

Duk wanda ya taɓa hawa keken Faharu mai ƙafa uku daga Gwallaga zuwa Kasuwar Muda Lawal ya san abin da ake kira haƙuri. Ba cunkoso ke tsayar da shi ba, gaisuwa ce. Zai taka birki don mai shayi, ya leƙo da kai don tela, ya tambayi mai faci ya jikin tsohuwa. Fasinja na ta tsaki a baya, shi ko a jikinsa. Matarsa Juwairiyya takan ce da awaki na amsa sallama, da mijinta bai taɓa isa kasuwa ba.

Sunansa na yanka Fakhruddeen, kuma ba ɗan birni ba ne. A wata ruga ta hanyar Dass aka haife shi. Yana rarrafe mahaifinsa ya rasu, ƙanen uban, Modibbo, ya ɗauke shi ya riƙe. Modibbo irin Fulanin nan ne da za ka yini da su ba ka ji doguwar magana daga bakinsu ba, amma abu biyu ya dasa wa yaron. Na farko sallama: yin ta sunna ne, amsa ta wajibi, ko da bakinka cike yake da fura. Na biyu fito. A wajen kiwo ya koya masa kukan tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in Faharu ya murɗa leɓe, cilakowa kan amsa masa daga kan ƙirya.

Cuta ta shiga garke, shanu suka ƙare sai 'yan tsiraru. Faharu ya shigo birni da sandarsa. Ya yi dako a Muda Lawal, ya yi acaɓa, daga baya ya samu keken wani yana ja. Ya yi aure, 'ya'ya suka zo, rayuwa dai hannu baka hannu ƙwarya.

Wata rana wani mutumin Jos mai suna Godfrey ya hau kekensa. Godfrey na da ɗan kamfani na kai baƙi daji kallon tsuntsaye. Suna tsaye a mahaɗa ya ji direba na fito don ɗebe kewa, ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya sake. Faharu ya sake, ya ƙara masa da na hasbiya da na makwarwa. Kafin su kai Wunti an gama magana.

Ranar da ya kai labari majalisa, dariya har da masu riƙe ciki. Kallon tsuntsu? Ba kamawa, ba ci? Mutum ya ƙetaro teku, ya kwanta rubda ciki a ciyawa, saboda abin da yara ke kora da danƙo? Shi ma Faharu abin ya ɗaure masa kai, amma fa ya so aikin nan, so na gaske. Aikin ya mayar da shi dajin da ya yi kewa. Yaransa suka daina zaman gida ranar makaranta, Juwairiyya ta daina ɗora tukunya babu abin zubawa. Ya mayar wa mai keke kekensa, washegari wani ya karɓe.

To, hali zanen dutse. Aikin kallon tsuntsu shiru yake so, Faharu kuwa da shiru ba sa ga maciji. Mai itace ya gifta, ya gaishe shi. Mai tallar nono ta wuce, ya tambayi mutan gida. Ranar da ya ƙwalla wa wani manomi "sannu da aiki" gauraki biyu suka tashi ana shirin ɗaukarsu hoto, Godfrey ya ja shi gefe.

"Malam Faharu, kunnenka babu irinsa, bakinka ne matsala," in ji shi. "Baƙin nan ƙorafi suke yi, ni ma ina da iyali. Ka ga mutum, ɗaga masa hannu ya isa. In ka sake korar tsuntsu, mun rabu."

Ba mugu ba ne Godfrey, gaskiyarsa ya faɗa. Faharu ya ce ya ji.

Baƙin da suka biyo baya wata tsohuwar Baturiya ce da mijinta. Sun zaga Yankari sun ga abin da suka gani, saura tsuntsuwa ɗaya da matar ta ƙwallafa rai a kai: kazar dutse, 'yar ƙarama mai ɗagaggiyar wutsiya, mai kunya kamar amarya. Washegari za su tashi. Faharu ya san inda take, duwatsun bayan rugarsu, inda ya yi kiwo yana yaro. Da sassafe suka isa. Ya so ya fara shiga ya gai da Baffa, Godfrey ya ce rana za ta ɗaga, a bari sai an gama.

Suka laɓe bayan kalgo. Faharu ya yi fito, shiru. Ya sake, sai aka amsa daga cikin duwatsu. Can sai ga su suna fitowa a ɗarare, ɗaya ta haye kan dutse tana waige-waige. Baturiya ta fara ɗaga kyamara a hankali.

A daidai nan ya ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Modibbo ne, ya tsufa ya ranƙwafa, yanar ido ta rufe masa gani, yana lalubo hanya. Ya tsaya nesa kaɗan da su, ya karkata kai.

"Salamu alaikum."

Faharu ya ɗaga hannu, kamar yadda aka yi alkawari. Sai da hannun ya kai sama ya tuna wanda yake ɗaga wa ba ya gani. Godfrey ya ɗora yatsa a leɓe, idanunsa na roƙo.

"Salamu alaikum."

Faharu ya sauke hannun. Ya motsa leɓe ya amsa a zuci, alhali ya fi kowa sanin amsar da ba a ji ba ba amsa ba ce. Ya tuna keken da yake hannun wani, ya tuna yaransa da kayan makaranta a jikinsu. Modibbo ya yi ta uku, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ɗan jira, sannan ya juya da sandarsa, don wanda ya yi uku ba a amsa ba komawa yake.

Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas. Baturiya har da hawayen murna, mijinta ya kama hannun Faharu yana girgizawa, Godfrey ya ce yau kam ya zama cikakken ɗan jagora. Faharu ya zare hannunsa. Ya ce su jira shi a mota, ya nufi ruga.

Ya tarar da Modibbo kan tabarma a gindin tsamiya. Bai rufe baki da sallama ba tsohon ya amsa, cikakkiya har da wabarakatuhu. Ya tambayi Juwairiyya, ya tambayi yara da sunayensu, ya sa aka kawo nono. Faharu na durƙushe, ya kasa ko taɓa ƙwaryar.

"Ɗazu na ji fito a gindin dutse irin naka sak," in ji Modibbo. "Na ce ɗana ya zo, na tashi. Ka ga tsufa, ashe tsuntsu nake wa sallama."

"Baffa, ni ne."

Tsohon ya lalubo ƙwaryar ya ƙara tura ta gabansa.

"A'a, tsuntsu ne," ya ce. "Kai da ka ji, ai da ka amsa."