Shekarar da man Kaka ya ƙi barci

Ƙaurin ƙwarar kaɗe da ake soyawa ne ya tashe ni ran nan, ƙauri mai ɗan ɗaci da ke kama zane ya daɗe bai fita ba. Ina 'yar sakandare a lokacin, na zo hutu wurin kakata a wani ƙauye kusa da Lolo. Man kaɗe ne sana'arta tun kafin ta haifi mahaifiyata.

Aikin yini guda ne. Ta soya, a kai niƙa, sannan ta zauna gaban babbar ƙwarya tana bugun ƙullun da hannu, tana yayyafa ruwa, har farin ya taso kamar auduga. Sai ta dafa, ta tace, ta zuba a ƙananan ƙore, ta jera su kan jiƙaƙƙen yashi a ɗakin randa. Daga nan babu mai shiga. Sanyin asuba ne zai sa man ya yi barci, ya daskare, da safe a yanka shi curi-curi a naɗe a ganye.

Lokacin sanyi ya wuce, mangwaro ya fara 'ya'ya. Amma Kaka ta ce a daidai wannan lokaci take yin tukunyarta ta ƙarshe kowace shekara, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Da gari ya waye muka buɗe ɗakin. Saman man ya yi 'yar fata, ƙasansa yana rawa. Karo na biyu ke nan a shekarar da ya ƙi barci. Muka rufe ƙoren da faifai, muka nufi kasuwar Lolo muna tafiya a hankali.

Akwai wata tsohuwar ƙawarta 'yar Benin da ke tsallako iyaka duk ranar kasuwa don ta sari manta. Ta ɗaga faifai, ta leƙa, ta tafa hannu.

"Ke ƙawa, miya kika kawo mani ko mai?"

"In miya ce, ɗebi ki sha," in ji Kaka.

"A babur zan ɗora shi fa. Kafin in kai gida rabi na zanena, rabi na bayan mai babur. Ki zuba a roba mana, kamar yaran can."

Ta nuna wasu matasan mata da suka jera nasu a robobi masu murfi.

"Ni in sai da mai a roba? Su da ba su iya bugu ba suke ɓoye shi."

Ƙawar ta yi dariya, ta ba ta goro, ta wuce wurin masu roba.

A hanyar komawa Kaka ta tsaya gindin wata tsamiya. Ta sauke kaya, ta juya tafin hannunta tana kallo. Masu wannan sana'a sun yarda cewa in mai ya ƙi barci, hannun da ya buga shi ne ya gaza.

"Hannun ya tsufa," ta ce.

"Kaka, ko zafi ne?"

"'Yar boko, yau aka fara zafi? Na yi mai a ranar da ta fi wagga, ya yi barci har wuƙa ta ƙi shiga."

Ni ma ranar ba ta yi mini kama da wata baƙuwar rana ba. Kafin hutuna ya ƙare ta ba wa maƙwabciyarta babbar ƙwaryar. Ba ta sake buga mai ba. Ranar kasuwa takan zauna a tabarma tana tsince wake.

Ina jami'a, bayan rasuwarta, wani malami ya nuna mana abin da aka daɗe ana aunawa a yankinmu. Zafi yana ƙaruwa a hankali shekara bayan shekara, kuma ba da rana ya fi ƙaruwa ba. Dare da asuba ne suka fi rasa sanyinsu.