Mai Wankin Birai

Shekara goma sha tara Baba Mai Guga ya yi yana wanki a masaukin baƙi da ke bakin gandun daji, ko maɓalli bai taɓa ɓata a hannunsa ba. A lokacin birai na da kunya, gyaran murya kawai zai yi su watse.

Sai masu yawon buɗe ido suka yawaita, kowa da biskit a jaka. Tun birai na karɓa daga nesa, har suka koyi buɗe taga. Ran nan da hantsi wani gwaggon biri ya zare wandon wani baƙo daga igiyar shanya, ya haye rufi yana ƙoƙarin zura kai a ciki. Baba ya wawuri dutse.

"Kul!" in ji manajan masaukin. "Baba, ka san daga ina mutanen nan suka taso don ganinsa?"

"Ranka ya daɗe, wandon fa?"

"Wando ai a ɗinka wani. Kai wa ya taɓa ɗaukarka hoto?"

Mai wandon kuwa dariya yake har da hawaye, yana ɗauka da waya. Kafin sati hoton ya bazu, ɗakuna suka cika. Manaja ya sayo dilar gwanjo ya ƙara wa Baba aiki: kullum ya wanke, ya goge, ya rataye, ƙarfe goma birai su zo su sace, baƙi na tafa musu. Baba ya haɗiye takaici. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Da damina ta kankama hanya ta lalace, baƙi suka ɗauke ƙafa, manaja ya kwance igiya. Birai kuwa ba wanda ya ba su hutu. Suka bi Baba har gida, suka kwashe zannuwan matarsa, suka faɗa gonakin maƙwabta.

"Malam, fito," in ji matar, "almajiranka sun zo karatu."

Maƙwabta suka daina amsa masa sallama. Ya kai ƙara ofishin gandun daji, jami'i ya ce sai ya kwatanta birin da ya jagoranci ɓarnar.

"Riga mai ratsi ce a wuyansa," in ji Baba. "Ni na goge ta."

Jami'in ya rubuta, ya miƙo masa takarda mai koyar da zaman lafiya da dabbobi, ya ba shi shawarar shanya a ɗaki.

A shekarar ɗanyar masara aka karya, wanda ya jira ta bushe bai samu ba. Kafin kaka Baba ya ajiye aiki, ya ɗauki matarsa suka koma wajen babbar 'yarsu a birni, a bene hawa na uku.